Oba-Obar Da Aka "Ƙara Wa Ƙarfi": Ki Gwada Kafin Ki Dogara Da Ita

Na san wata za ta ga kan maganar yau ta ce, "Ita kuma nas me ya haɗa ta da oba-oba? Ba zancen zazzaɓi da yaye muka saba ji ba?" Ki yi haƙuri ki biyo ni. Wani abu ne ya faru a gidanmu daminar bara, kuma in kin kai ƙarshe za ki ga maganar lafiya ce tsantsa.

Ƙanina yana zaune da amaryarsa a gidan gona, kilomita 9 daga cikin gari. Wurin babu sabis na kirki, sai mutum ya hau tudu ya ɗaga waya sama kafin saƙo ya fita. Da cikinta ya shiga wata bakwai, na ce masa ya kamata ta dawo gida goyon ciki, tunda na fari ne. Sai ya yi dariya, ya buɗe leda ya fito da oba-oba guda biyu, irin waɗanda ba su da wani suna sananne a jikinsu.

"Yaya, kwantar da hankalinki, na gama shiri. Wannan da kike gani mai gyara ya buɗe ta ya ƙara mata ƙarfi. Yanzu wat 25 take bayarwa, tana cin kilomita 30. Ɗayar ma zan kai a yi mata in na sayar da wake. Ɗaya tana wurinmu, ɗaya tana wurinki. Da naƙuda ta taso sai mu kira ki, ki taho da mota."

Babban ɗana, ɗan shekara 14, har ya karɓe ɗaya yana ta "oba, oba" a tsakar gida. Ni kuwa gabana ne ya faɗi. A ɗakin haihuwa nake aiki, na kuma san cewa zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu idan ba a tare shi ba. A wurin aiki ba na ɗaura wa mara lafiya abin awon jini sai na tabbatar yana aiki. Ta yaya zan rataya ran yarinya da jaririnta a kan maganar mai gyaran da ban taɓa gani ba? Na ce masa, "Na ji. Amma ranar Asabar sai mun gwada ta. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Ba mu kaɗai ba ne. Tun lokacin da aka rufe layukan waya a jihar Zamfara a watan Satumban 2021, aka kuma rufe a wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane da yawa suka gane cewa wayar hannu tana iya zama hoto rana ɗaya. Ga masu gidan gona, ga direbobi, ga 'yan sintirin unguwa, ga kuma samarinmu da ke sha'awar abin don wasa. Ba mamaki akwai irinta a ɗakin ɗanki ko a motar maigida. Shi ya sa nake so ki san abin da muka gano.

Gwajin da muka yi a kan hanya

Wannan gwajin ba ya buƙatar komai sai littafi da biro da babur mai ma'aunin tafiya. Na zauna a ɗakina da ɗaya, ƙanina ya goya yaron a babur da ɗayar, suka kama hanyar gidan gonar. Muka yi alkawari duk rabin kilomita za su tsaya.

Ba mu yi ta "kana ji na?" ba, domin kunne yana cike gurbin abin da ya riga ya san za a faɗa. Sai na karanto lambobi biyar da ba su sani ba, su maimaita mini. Su ma su karanto nasu, in maimaita. Kowane zango in ba shi maki: 5 idan murya ta fito tangaran, 3 idan akwai shuuu amma ana fahimta, 1 idan hayaniya ce kawai.

A kilomita ɗaya, maki 5. A kilomita biyu, maki 4. A biyu da rabi na fara cewa su maimaita. Suna kaiwa kilomita uku, bayan tudun da ke bakin gari, shiru kake ji. Kilomita 30 ɗin mai gyara ta tsaya a uku.

Sai na roƙi maƙwabciyata na hau saman benenta. Ina danna maɓalli sai ga muryar ɗana kamar yana gabana. Daga can sama muka ci gaba da jin juna har kusan kilomita 6, sannan ta yanke. Gidan gonar dai ba mu kai ba. Ko da mun kai, wace mace ce za ta hau bene tana naƙuda? Wa kuma zai kwana a saman benen yana jiran kira?

Idan za ki yi irin wannan gwaji, ga abubuwan da za ki kiyaye:

1. A gwada a ainihin hanyar da ake buƙata, daga cikin ainihin ɗakin da za a yi kiran. Rufin kwano da katanga mai kauri suna rage mata nisa sosai. Abin da ta yi a fili ba shi za ta yi a ƙuryar ɗaki ba.

2. A gwada ta ɓangare biyu. Kina iya jin su, su ba sa jin ki, musamman idan ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi. Magana kuwa sai an ji juna take zama magana.

3. A sake gwaji idan caji ya yi rabi, domin ranar da larura za ta zo ba ta tambayar ko an kawo wuta.

4. A gwada da rani, a sake da damina. Idan dawa da gero suka yi tsawo, bishiyoyi suka cika da ganye, nisa yana raguwa.

5. Inda kika fara cewa "maimaita", nan ne iyakarta. Ni har kashi ɗaya cikin uku nake ragewa daga nan, in ce wannan ne abin da zan dogara da shi.

Me ya sa bene ya fi mai gyara amfani?

Ki ɗauki oba-oba kamar tocila. Haskenta miƙewa yake yi, ba ya zagaya tudu. Waɗannan na'urori suna aiki ne a zangunan da za ki ga an rubuta VHF da UHF a jikin kwalinsu, kuma saƙo a waɗannan zanguna kusan a miƙe yake tafiya. Duniya kuwa a lanƙwashe take. Mutum biyu da ke tsaye a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, babu gida babu bishiya a tsakaninsu, iyakar abin da lanƙwasar ƙasa za ta bar musu bai wuce kilomita 10 ba. A cikin gari, tsakanin gine-gine, abin da aka saba samu kilomita ɗaya ne zuwa uku. Manyan lambobin da ake bugawa a kwali, daga kan dutse zuwa kan dutse ake samun irinsu.

To ƙarin ƙarfi fa? Ƙarfin da oba-oba ke fitarwa da wat ake auna shi. A sararin da babu abin da ya tare, sai an ninka ƙarfi sau huɗu kafin nisa ya ninka sau biyu. A doron ƙasa kuwa abin ya fi haka tsanani, ana iya buƙatar ninki 16. Wato idan aka ɗaga oba-oba daga wat 5 zuwa wat 8, wadda take cin kilomita biyu da ƙyar za ta ƙara rubu'in kilomita. Amma ki ɗaga eriyar daga tsayin mutum zuwa tsayin bene, nisan da take hangowa ya ninka har da ɗoriya. Tsayi da eriya mai kyau su ne nisa. Ƙarin wat, yawancinsa zafi yake zama a tafin hannu.

Yadda ake auna ƙarfin

Kafin a je wurin masani, akwai lissafin da za ki iya yi a zaune. Ƙananan oba-obar da aka yarda kowa ya riƙe ba tare da lasisi ba a ƙasashen Turai, rabin wat ne ƙarfinsu. A Amurka irin na iyali ba sa wuce wat 2. Baofeng UV-5R, wadda ta cika kasuwanninmu, wat 4 zuwa 5 take bayarwa idan an sa ta a babban ƙarfi, wat 1 a ƙarami. Saboda haka duk wanda ya ce miki abin da ke shiga tafin hannu yana ba da wat 25, ki sa alamar tambaya.

Ki juya batirin ki karanta. Namu an rubuta 7.4V da 1800mAh. Idan kika ninka 7.4 da 1.8 za ki samu kusan 13, wato batirin zai iya ba da wat 13 na tsawon awa ɗaya ya ƙare. Oba-oba kuma kusan rabin abin da ta zuƙa daga batir ne take fitarwa ta eriya, saura ya tafi a zafi. Kenan mai ba da wat 25 sai ta zuƙi wajen 50, batirin ya mutu cikin kamar minti 15 na magana, jikinta kuma ya gagari riƙewa. Tamu kuwa yini take yi. Tun a nan na san akwai lauje cikin naɗi.

Don gani ya kori ji, muka kai su wurin mijin wata abokiyar aikina, wanda gyaran irin waɗannan na'urori ne sana'arsa, yana kuma da ma'auni. Ga yadda ya yi, don ki san abin da za ki nema a yi miki. Ya cire eriya, ya ɗaura ma'aunin wat a gurbinta. A ɗaya bakin ma'aunin ya ɗaura wani dunƙulen ƙarfe mai om 50, wanda aikinsa shi ne shanye ƙarfin ya mai da shi zafi, don kada saƙon ya fita ya dami kowa. Sannan ya danna maɓallin magana na 'yan daƙiƙu, lamba ta fito.

Wadda ba a taɓa ba ta nuna wat huɗu da rabi. Wadda aka yi wa aiki ta nuna wat 6. Ya riƙe maɓallin na kusan minti ɗaya, muna kallo lambar na sauka, bayanta ya ɗauki zafi. Ƙanina ya yi shiru, ya kasa haɗa ido da ni. Kuɗin da ya biya, wat ɗaya da rabi ya saya da su.

Akwai awo na biyu da ake yi da eriyar a ɗaure, za ki ga an rubuta SWR a jikin ma'aunin. Yana nuna ko eriya tana fitar da ƙarfin ne ko tana mai da shi cikin na'ura. Lamba 1.5 ko ƙasa da haka lafiya lau. Idan ta haura 2 a bincika. Idan ta kai 3 a daina amfani da eriyar, domin ƙarfin da ke komawa ciki yana iya ƙona na'urar. Doguwar eriyar da mai gyara ya sa mana don ta burge ido, ita ce ta fi muni a wannan awon. Da aka mai da ta asali sai lambar ta sauko. Ki kuma ja kunnen yara: ba a danna maɓallin magana idan babu eriya.

Idan mai gyara ya ce ya ƙara ƙarfi, tambaya ɗaya ta isa: "Ina ma'auninka? Nuna mini kafin aiki da bayan aiki." In ba shi da shi, to shi ma bai san abin da ya yi ba.

Abin da ya shafi jikin yaranmu

Nan ne fagena. Saƙon rediyo ba irin hasken hoton ƙashi ba ne da ake yi a asibiti. Abin da aka tabbatar yana yi wa jiki idan ya yi yawa shi ne ɗumama nama. A shekarar 2011 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin 2B, wato abubuwan da ake zargi amma hujja ba ta kai ta yanke hukunci ba. Ba abin tayar da hankali ba ne, amma dalili ne na kada a manna wa yaro ƙarfin da ba a buƙata.

A riƙe ta a tsaye, tazarar yatsu biyu zuwa uku daga baki, eriya nesa da ido. Ƙwayar ido ba ta da jijiyoyin jinin da za su kwashe mata zafi kamar sauran jiki. Kada yaro ya sa eriya a baki, kada ya riƙe ta yana magana. Idan robar eriya ta yage har waya ta fito, taɓa ta lokacin magana yana iya ƙona fata. Idan magana a cikin unguwa ce, a sa ta a ƙaramin ƙarfi, ya wadatar, batir ma ya fi daɗewa.

Idan akwai dattijon da aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya a gidan, ko wayar hannu ana so ta nisanci ƙirjinsa da sentimita 15. Oba-oba ta fi waya ƙarfi, don haka a ƙara nisa, kada ta shiga aljihun gabansa, a kuma tambayi likitansa. A asibiti kusa da na'urorin marasa lafiya, a kashe ta.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne batir. Na'urar da aka tilasta wa ƙarfin da ya fi nata tana matsa wa batir, batirin litiyom kuwa in ya yi zafi yana kumbura, yana iya kamawa da wuta. Kada a yi caji a kan katifa ko ƙarƙashin filo. Kada a bar ta cikin mota a rana. Batirin da ya kumbura ko ya fara wari, a cire shi a fitar waje nesa da yara. In tsautsayi ya sa an ƙone, a zuba ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na tsawon minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta a nufi asibiti. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja.

Doka da sirri

A wurin awon ne mijin abokiyar aikina ya faɗa mana abin da mu ma ba mu sani ba. Yawancin "buɗewar" da masu gyara ke yi, cire takunkumi ne don na'urar ta iya magana a kowane zango. A waɗannan zanguna kuwa akwai jami'an tsaro da masu aikin ceto. Na'urar da aka matsa wa ƙarfi kuma tana iya watsa hayaniya zuwa tashoshin da ba nata ba, mai ita bai sani ba. Sayar da abu a kasuwa ba ya nufin an halatta amfani da shi yadda aka ga dama. A Najeriya zangon rediyo yana ƙarƙashin hukumar NCC da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya, a Nijar kuma hukumar ARCEP, kuma amfani da irin waɗannan na'urori masu ƙarfi yana buƙatar izini. A nemi wannan bayanin kafin a danna maɓalli, har da na gwaji. Mu da baya muka fara, kada ki yi irin tamu.

Ki kuma tuna halin da muke ciki. Saurayin da aka tare a shingen bincike da oba-oba a jaka, babu takarda babu bayani, Allah kaɗai ya san tambayoyin da zai sha. Kada ki bari ɗanki ya fita da ita yawo. Idan ta aikin gona ce ko sintiri, mai unguwa da jami'an tsaron yankin su san da zamanta.

Sannan oba-oba ba ta da sirri. Duk wanda ya murɗo tashar da kuke kai yana jin ku, ku ba ku san yana nan ba. Lambobin da ake sa mata da sunan sirri, hana ki jin wasu suke yi, ba sa hana wasu jin ki. Ki koya wa yara kada su ambaci cikakken suna, ko kwatancen gida, ko cewa Baba ya yi tafiya, ko an sayar da shanu. Ba ta kiran 112, ba ta kiran lambar kowa. Ba ta kuma ajiye alamar an kira ba a ɗauka ba. In tana kashe, ko barci ya ɗauke ki, kiran ya bi iska.

Yadda muka ƙare

A daren ranar awon ƙanina ya zo ya same ni, ya ce, "Yaya, gobe zan kawo ta wurin Inna." Ban ce masa "ai na faɗa maka" ba. Son matarsa ne ya sa ya kashe kuɗinsa, an dai sayar masa da lamba ne kawai.

Bayan mako bakwai, wajen ƙarfe biyu na dare, naƙuda ta taso. Minti goma ya kai mu asibiti. Ta haifi ɗiya mace lafiya, sai jini ya ɓalle. Abokan aikina suka tsaya a kanta, aka ƙara mata jini leda biyu, Allah ya sa da sauran kwana. Har yau nakan tuna wannan daren in ga ƙanina a gidan gona cikin duhu, yana danna maɓalli yana kiran sunana, ni kuma ina barci kilomita 9 daga wurin, ban ji komai ba.

Ban ce oba-oba ba ta da amfani ba. Tsakanin gida da gona ta kusa, ko tsakanin motoci biyu a tafiya, tana aiki ƙwarai idan an bi ƙa'ida. Amma idan rai za a ɗora mata, mai ciki ce, ko tsoho mai hawan jini, ko yaro mai sikila, to a san iyakarta da biro da takarda, a kuma tanadi hanya ta biyu: direban da aka yi magana da shi tun wuri, mai a cikin babur, da dawowa kusa da asibiti idan wata ya kama.

Yau in kin ajiye waya, ki leƙa ɗakin samarin gidanki. In kin ga mai eriya, ki tambaya: wa ya taɓa ta, wa ya auna ta, kuma ina ta tsaya da aka gwada? Wadda ta taɓa gwada tata, ta faɗa mana a ƙasa nisan da ta samu da irin wurin da take, don wata ta ƙaru. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba abubuwan da ya kamata su kasance cikin jakar mai ciki tun daga wata takwas. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuri'a.